Lamba Bakwai

Radojka ta toshe ƙasan taga da tsohon tawul, ta ja ƙofar falo ta rufe, sannan ta kunna talabijin ta rage masa murya. A garin Kragujevac ba mai barin taga da ƙofa a buɗe lokaci guda sai wanda ya gaji da lafiyarsa. Iskar da ke ratsawa tsakaninsu ita ke kama wuya. Radojka uwar mawaƙi ce, ba a gaya mata wannan.

Yau ne zagayen ƙarshe. Tun farkon kaka ƙungiyar kiɗan rok ta Hladna Peć ke tace matasa a talabijin duk Asabar, tana neman wanda zai gaji tsohon mawaƙinta, Vukašin. Yanzu saura biyu: Ognjen mai lamba bakwai, da wata yarinya, Dunja, mai lamba uku. Masu kallo ke zaɓe ta saƙon waya.

Bakwai kawai Radojka ke so. Ta roƙi mahauci ya zaɓi bakwai, ta roƙi mai kantin magani, ta tare matan bene a matakala ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce to, amma ba wanda ya kalle ta ido cikin ido. Da safe ta je coci ta kafa wa ɗanta kyandir a tiren sama, na masu rai, ta tsaya a gabansa har ya ƙone rabi don kada iska ta kashe shi.

Maƙwabciyarta Smilja ta shigo da waya biyu, tata da ta mijinta. Ta zauna ta kurɓi kofi, ta dubi ƙofar da aka rufe.

Aka nuno alƙalai. A tsakiyarsu Bane ne, mai jita, shugaban ƙungiyar. Ya yi furfura, ya ajiye tumbi. Radojka ta san shi tun yana siririn yaro mai kunnuwa kamar faranti, yana cinye mata naɗin kabeji a wannan teburin yana neman ƙari. Rabon da ya hau benen nan har ta manta.

Ognjen ya fito da rigar fata, gashi har kafaɗa. Ya fara da kyau. Da ya zo inda waƙar ke hawa sama, muryar ta tsage gida biyu. Wasu a zauren suka yi dariya, mai ganga ya sunkuyar da kai.

"Ke maƙwabciya," in ji Smilja, "akuyar surukina ta fi wannan murya, kuma ita mura take yi."

"Ke dai danna bakwai."

"Na danna. Allah ya yafe mini."

"Danna ta mijinki ma."

Smilja ta danna. Radojka kuwa babban yatsanta bai huta ba, tana turawa tana sake turawa, har wayar ta yi zafi a hannunta.

Sai Dunja ta fito, 'yar ƙarama cikin takalmin sojoji. Ta ɗauki waƙar da ta fi kowace wuya, wadda Vukašin ke rufe wasa da ita a da. Ba ta kwaikwaye shi ba. Ta kai inda muryar Ognjen ta tsage, ta wuce kamar ba hawa ba ne. Aka nuno Bane yana goge ido da bayan hannu.

Radojka ta ƙara rage muryar talabijin, har sai da Smilja ta matso da kujera.

Sakamako bai yi kusa ba ma. Aka watsa wa Dunja ƙyalƙyali a ka, Ognjen ya yi mata tafi a gefe. Bane ya rungume ta, ya ce sun daɗe suna jira, yau jira ya ƙare. Ya ce ba ta wucin gadi suka ɗauka ba.

Smilja ta tattara wayoyinta. A bakin ƙofa ta juyo a hankali. "Radojka, 'yar'uwa, ko da wancan ɗin ne ya ci..."

"Sai da safe, Smilja."

Ta shiga kicin. Ta ɗumama barasar rakija, ta jiƙa ƙyalle a ciki ta matse, irin yadda uwarta ke ɗaura musu a wuya suna yara. Likitoci sun faɗi nasu, amma likitoci ba su san komai game da iska ba. Lissafinta mai sauƙi ne, kuma har yau ba ta ga inda ya karkace ba. Da Ognjen ya ci, ba zai kai bazara ba jama'a za su kore shi daga dandali. Gurbin zai zauna a buɗe, Bane zai tuna hanyar benen nan. Yarinyar nan kuwa ba mai korar ta.

Ta shirya abin da za ta faɗa. Za ta ce an ɗage zaɓen, ko na'urarsu ta lalace. Ta ɗauki ƙyallen a faranti, ta bi lungu, ta tura ƙofar ɗakin ƙarshe kaɗan ta shige da sauri, ta rufe.

Vukašin na zaune a bakin gado ƙarƙashin babban hotonsa na da, bututu a ramin da aka huda masa a wuya, abin sauraro a kunne. Leɓunansa na bin waƙar, ba sauti. Ya ɗago ya yi wa uwarsa murmushi, ya juyo mata da fuskar wayarsa, ta ga saƙonni a jere tun daga sama har ƙasa, kowanne lamba uku.