Mukafa'ar Baba

Baba mai walda ne a masana'antar harhaɗa manyan motoci, ba ya dawowa gidanmu a unguwar Waziriyya ta Jidda sai magariba. Ran nan kuwa da la'asar na tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki, ko takalmin aiki bai cire ba.

Ya ce da Umma, "Sun rufe ɓangarenmu. Wai in karɓi mukafa'a, halas, shi ke nan."

Ni a makarantarmu mukafa'a kyauta ce ta wanda ya zo na ɗaya, ban san kuɗin sallama ake nufi ba. Na daka tsalle na ce, "Mabruk, Baba!"

Ba wanda ya yi dariya. Umma ta damƙi hannuna har ya yi zafi, ta ce ƙasa-ƙasa, "To iƙamarmu fa, Malam, takardar zaman ƙasa? Kamfanin ne fa kafilinmu, shi ya tsaya mana."

Baba ya sunkuya ya fara kwance takalminsa. Sai a lokacin na gane: in babu aikin, babu zama. A Jidda aka haife ni, ban san ko'ina ba. Ina za a kora mu?

Yau na haura arba'in, ina tuƙa motar wasu a unguwar Abhur, nan Jidda. In maigida ya kira ni yana murmushi, har yanzu sai in ɗauka mukafa'a zai ba ni.