Koren Cikin Igiya

Ka ce jira ya ishe ka, to bari in ba ka misali da wani manomi na ƙasar duwatsu, inda aka yi haƙar kuza. Masu haƙa sun cinye gonar ubansa da ta maƙwabtansa, suka tafi suka bar ramuka da jar ƙasa wadda ko ƙaya ba ta yarda ta fito a kai. Bayan shekaru hukuma ta cike ramukan, ta baje filin, ta shuka ciyawa da wake don a ga ko ƙasar ta farfaɗo. Wata malamar gona ta kafa turaku, ta kewaye wuri goma da igiya, kowanne bai fi faɗin tabarma ba. Ta ce duk wata za ta zo ta ƙirga tsiron da ke cikin igiya, ta auna tsayinsa da sanda. In ya yi kyau, baɗi kowa ya karɓi gonarsa. In bai yi ba, motoci su kawo baƙar ƙasa da taki a lulluɓe filin duka, a ƙara jiran shekara biyu. Manomin nan aka ɗora wa kula da wurin da korar awaki.

Shi kuwa gonar aro yake nomawa, mai ita ya riga ya ce masa daga bana ya nemi wata, ga baki tara a gida. Ina zai kai shekara biyu? Kullum yana tsugune gaban igiya yana auna waken da gaɓar yatsa, jiya gaɓa biyu, yau ma gaɓa biyu, ganye sai rawaya yake yi. Hankalinsa ya tashi. Ranar wata kasuwa, da gari ya watse, ya ciko buhu da kashin awaki, ya bi wuraren nan goma yana tonawa yana binnewa, ya mayar da jar ƙasa a kai, ya share sawunsa da reshe. Wake ya ji daɗi ya miƙe. Amma bawan Allah bai huta ba, tsoron ne kawai ya canza kama. Da ya ji ƙarar babur ɗin malama sai gabansa ya faɗi, in ta duƙa ta murza ƙasa a hannu sai ya ɗauke numfashi. A awo na ƙarshe ta ɗago tana murna ta ce, "Baba, ƙasarku ta tashi." Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Aka rubuta fili ya warke, aka juya motocin baƙar ƙasa zuwa wani gari. Da ruwan shuka ya sauka, gida bakwai da aka mayar wa gonakinsu a filin suka fito da irin da suka hana cikinsu, suka shuka masara. Ta fito, ta kai idon sawu, ta tsaya, ta ƙone a tsaye alhali ruwa na zuba. Duk faɗin filin babu kore sai a wuri goma, kowanne faɗin tabarma. Mutane suka tsaya suna kallon wuraren nan, sannan suka juyo suna kallonsa. Ya sa ƙafa ya tafi ofishin hukuma ya faɗi gaskiya da bakinsa, yana roƙon a dawo da motoci. Suka ce garuruwa na jira a layi, kafin a sake zagayowa kansu sai shekara biyar. Wanda ya guji shekara biyu ke nan. Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.