Tafin Hannun Jikata

Ni da bijimi ya soka a kasuwar shanun Iware na tashi na ɗaure shi da hannuna, ni ne na kurma ihu don jikata ta hau bayana za ta yi mini tausa. Gida ya kwashe da dariya.

"Haba Baba, 'yar wannan?" in ji ɗana. "Ko tsufa ne ya zo da raki?"

Raki! Ni? A gaban uwarsa aka cire mini haƙori ba allura, ban ce uffan ba. Likita da bakinsa ya gaya musu kumburin ƙashin bayan nan ya sa ko taɓa ni aka yi sai in ji kamar wuta, amma ga su haƙora a waje. Na kore su duka.

Yarinyar kuwa ta daina shigowa ɗakina, wai ta karya mijinta. Wannan ne na kasa ɗauka. Na kira ta.

"Taɓa, amarya, mijinki ƙarfe ne."

Na kwanta, na cusa hulata a baki. Ta ɗora ɗan tafinta. Wallahi ƙahon bijimin nan bai kai shi zafi ba.

"Da daɗi?"

Na gyaɗa kai.