Dilar Atamfa a Kan Baba

Da aka rufe masaƙar da Baba yake aiki a Kaduna, muka tattara muka dawo Mai'aduwa, ya koma dako. Wata ranar kasuwa da la'asar Inna ta aike ni in kai masa fura.

Na same shi suna sauke dilolin atamfa daga motar da ta shigo ta kan iyakar Kwangwalam. Atamfar waje ce, irin wadda araharta ta kashe masaƙarsu. Dila ɗaya ta yage, turmi ya leƙo. Baba ya murza bakin turmin da yatsu, ya kai hanci. Har yau ina jin warin nan, kamar ledar da ta sha rana.

"Wanki ɗaya za ta koɗe," ya faɗa a hankali.

Mai kayan, wanda Baba ya haifi kamarsa, ya daka masa tsawa: "Kai tsoho, ɗauka aka ce ka yi ko shafa? Cire mini ƙazamin hannunka!"

Na jira Baba ya mayar masa. Sai ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji." Ya durƙusa aka aza masa dilar, ya wuce ta gabana bai iya kallona ba.

Na daɗe ina jin haushin mai kayan nan. Yanzu wanda ya fi ci mini rai shi ne na waɗanda suka bari injuna suka yi tsatsa, sannan lokacin zaɓe su zo ƙofar gidanmu suna raba mana atamfar nan, suna jira mu yi godiya.