Tambayar Bakin Famfo

Tun da na'urori suka fara kwaikwayon muryar mutane suna kwashe rabon ruwa, famfon Unguwar Marina ba ya buɗewa sai an amsa tambayar ranar. Turai ce ke tsara ta. Idan ta yi sauƙi, na'ura ta cinka. Idan ta yi wuya, mutane su wuni da ƙishi. Saboda haka take neman kalmomin da ba a taɓa rubutawa ba.

Ta ranar Talata ita ce: sunan kududdufin da aka cike a bayan makaranta, kalma biyu, ta biyun dabba ce.

Layi yana ta tafiya har aka zo kan mahaifiyar Turai, Inna Gambo, wadda ta fara rikicewa tun bara. Ta tsaya riƙe da bokiti, sunan ya ɓace mata.

"Ba a tabbatar cewa mutum ne ba," in ji famfon. "Saura gwaji ɗaya."

Doka ta hana mai tsarawa faɗin amsa, amma ta yarda a ba da haske sau ɗaya. Turai ta matso.

"Inna, ina ne 'yarki ta faɗa kika tsamo ta?"

"A Shaƙe-Jaki mana! Ja'irar yarinya, har zanena ya tafi."

Ruwa ya zubo. Inna ta tara, sannan ta dubi Turai da fara'a.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ashe kin san Turai tawa?"