Tankar da Ta Ƙi Tashi

Kwana uku ke nan tankar yaƙi mai lamba 214 ta ƙi tashi, kuma matan sansanin gyara sun san ruwa ba ya tsami banza. Tun da aka kwaso su daga Fargona aka kawo su bayan fagen daga, inji bai taɓa kwana biyu a hannun bakanikiyarsu Oysuluv ba.

Yau ta ce famfon mai ne, gobe ta ce waya. Zama ya gagare ta. Ta shige ƙarƙashin tankar, ta fito, ta buɗe akwatin kayan aikinta, ta shafa wani ƙullin tsumma, ta rufe.

Direban tankar na zaune a gefe yana murza kunnensa. Wuta ta ci fuskarsa da takardunsa, har sunansa ya ɓace masa, amma hannu bai manta tuƙi ba, ga direbobi sun yi ƙaranci. Bakinsa a naɗe yake da bandeji, romo kawai ake ɗura masa.

"Yaya Oysuluv," in ji Marhabo mai walda, "na fa ga abin da kika cire daga injin kika sa a aljihu. Bara muka yi sadakar arba'in ɗin ɗanki Ergash, yanzu taki kike so mu yi?"

"Ke dai yi waldarki."

Da hantsi Kyaftin Sobolev ya iso a fusace. Ya ce in azahar ta yi tankar ba ta tashi ba, sai kotun soja, kuma kowa ya san hukuncin zagon ƙasa a lokacin yaƙi.

Saura rabin awa azahar ta yi, likita ta kwance wa direban baki. Oysuluv ta wanke hannu, ta miƙa masa gurasa.

"Gatsa sau ɗaya, ka ba ni."

Ya gatsa da ƙyar. Ta karɓa, ta kwance ƙullin nan. Busasshiyar gurasa ce, irin wadda uwa ke sa ɗanta ya gatsa ranar tafiya yaƙi, ta ajiye masa sauran rabonsa har ya dawo. Ta jera su gefe da gefe.

Marhabo na ta ihun lokaci ya ƙure, Oysuluv ba ta ji ba. A duka gurasar biyu, ta gefen hagu, ga giɓin haƙorin da jakinsu ya karya wa Ergash yana ɗan shekara goma sha biyu.