Yatsan da Ya Yafe

Sau uku Malama Shafa'atu ta firamaren Mabai tana karanta wa Mas'ud takardar da kamfanin da yake wa aiki ya aiko, sau ukun kuma magana ɗaya ce: babu diyya. Wai an rufe batun, domin akwai takardar yafiya a fayil ɗinsa, har da dangwalen babban yatsa a ƙasanta.

Mas'ud ya ɗaga hannunsa na dama, ya yi wata irin dariya marar daɗi. Wane babban yatsan? Wanda injin niƙa farar ƙasa ya tafi da shi a Ƙanƙara, tare da biyun da ke kusa da shi? Ranar da aka ce an yafen ma, yana kwance a asibiti bai san inda kansa yake ba.

Kuma abin ba na wasa ba ne. Likita ya faɗa mashi ƙiri-ƙiri cewa yatsu biyun da suka rage sai an yi masu aiki a Kano kafin damina ta fita, in ba haka ba su sandare. Daga nan ba shi ba riƙe fartanya, ga 'ya'ya huɗu a gida. Diyyar nan ita ce kuɗin aikin hannun.

To wa ya yi mashi wannan aika-aika?

Da farko ya zargi Ɗanhausa, shugaban leburori, mutumin da ko tari manaja ya yi sai ya ce madalla. Amma da ya zauna ya yi tunani, sai zuciyarsa ta koma kan Jabiru.

Jabiru ne ya kunna injin alhali hannun Mas'ud na ciki yana cire dutsen da ya maƙale. Kuma shi ne mijin ƙanwarsa Hussaina, ga ta da tsohon ciki. 'Yan sanda sun tafi da shi da hantsi, kafin la'asar ya dawo gida yana cin tuwo. A ina ake sakin mutum haka kawai? Har yau yana aikinsa a kamfanin, ko kwana ɗaya ba a kore shi ba. In suka haɗu a masallaci kuwa, ƙasa yake kallo kamar ya yar da allura.

Da Mas'ud ya ce zai ɗaukaka ƙara, mahaifinsa Malam Almu ya kira shi gefe.

"Da ka haƙura, ɗan nan. Abin da Allah Ya rubuta ne."

"Baba, Allah ne Ya rubuta haɗarin. Takardar nan mutum ya rubuta ta."

Mas'ud bai ɗauki maganar da nauyi ba. Tsofaffin Mabai ko saniyarka aka sace haƙuri za su ba ka. Ranar kasuwa ma tsohon da kansa ya ja ragonsa ɗaya tilo ya sayar, ya ce a yi kuɗin mota.

Wani jami'in ƙungiyar ma'aikata ne ya rubuta ƙarar. Ya tambayi Mas'ud ko yana so a ƙara da cewa duk wanda aka samu da dangwalen a miƙa shi ga hukuma.

"Rubuta," in ji Mas'ud. "Ko waye. Wallahi sai na ga ya kwana a gidan yari."

Hussaina ta zo har ɗakinsa tana kuka, ya juya mata baya. Ya ji zafin abin, amma bai janye ba.

Ranar zaman kwamitin sauraron ƙorafin diyya a Funtuwa, Malam Almu ya rigaya kowa shiri. Mutumin da kasuwar Ƙanƙara ce iyakar tafiyarsa, yau shi ne a gaban mota da rigar Juma'a. Har suka isa bai ci ko goro ba, carbi kawai yake ja.

Shugabar kwamitin, Hajiya Zulfa, mace ce marar son dogon turanci. Ta juya takardar gaba da baya, ta dubi lauyan kamfani. Shi kuwa ya ce ai su ba su taɓa cewa yatsan Mas'ud ne ba. Wani ne ya zo ofis a matsayin wakilinsa, akawu ya rubuta "wakili" kawai, manajan da ya karɓa kuma an yi mashi canjin wurin aiki.

"Ka wakilta wani?" ta tambayi Mas'ud.

"Ko a mafarki, Hajiya."

"To takardar ba ta da ƙarfi, za a biya ka. Saura mai yatsan." Ta sa aka kawo tawada, ta yafito ɗan sandan da ke bakin ƙofa. "Duk wanda ya je kamfanin ranar nan zai dangwala."

Ba a kai ga buɗe tawadar ba Jabiru, wanda aka kira a matsayin shaida, ya miƙe.

"Ba sai an gwada kowa ba. Ni ne."

Mas'ud ya juya ya dube shi. Ashe dai zarginsa bai faɗi ƙasa ba! Ya so ya ji daɗi, sai fuskar Hussaina ta faɗo mashi a rai. Ɗan sandan ya ciro ankwa, Jabiru ya miƙa hannaye biyu da sauri, har kamar yana gudun a fasa.

Sai aka ji kujera ta motsa daga baya. Malam Almu ya taho a hankali, ya tsaya tsakanin surukinsa da ɗan sandan. Bai dubi ɗansa ba.

"Ku saki yaron nan, rufa mani asiri yake son yi," ya ce. "Cewa suka yi in ban yafe ba za a ɗaure mijin ɗiyata. Ni dai a sanina Jabiru na yafe wa, ban san kamfani na yafe wa ba. Ga hannun da ya dangwala, ɗana ya riga ya rantse."